Shin da gaske ƙirƙirarriyar basira ce ta gyara biyan kuɗi ta waya a Biyetnam?

"Assalamu alaikum. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Kano da ke yi wa masu POS da 'yan kasuwa manhajar karɓar kuɗi. Maigidanmu ya je wani taro ya dawo yana ta yabon Biyetnam, wai a can ƙirƙirarriyar basira ta kusa kawar da damfara a harkar tura kuɗi, har yana so mu sayo manhajar tantance fuska daga wani kamfani na ƙasar. Ni aka ɗora wa rubuta rahoto a kai. Don Allah mene ne ainihin abin da ƙirƙirarriyar basirar, wato AI, ke yi a harkar biyan kuɗi a can? Kuma idan muka sayo, za ta yi mana aiki?"

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka, abu biyu kake son sani: me ya faru a Biyetnam, sannan ko abin da ya yi musu aiki zai yi muku idan kun ɗauko shi. Ni aikina shi ne gina tsarin da ke gano mu'amalar da ake zargi a wani kamfanin sarrafa biyan kuɗi, don haka ta wannan ɓangaren zan fi ba da ƙarfi. Amsar a gajarce ita ce maigidanku bai yi ƙarya ba, amma ya ba AI ladan aikin da ba ita kaɗai ta yi ba. Yawancin abin da ya burge shi aikin gwamnati ne da babban banki, wanda aka shafe shekaru ana yi kafin a ɗora AI a kai. Kuma damfarar ba ta ƙare ba, hanya ta sauya.

Abin da aka shimfiɗa tun kafin a fara maganar AI

Al'ummar Biyetnam ta kai mutum miliyan 100 a 2023. A 2017 binciken Bankin Duniya ya nuna kashi 31 cikin 100 ne kawai na manya ke da asusu. Zuwa ƙarshen 2023 babban bankin ƙasar yana cewa an kai kashi 87. Yadda ɓangarorin biyu suke ƙirga ba ɗaya ba ne, don haka kada ka jera su a rahotonka kamar mudu ɗaya aka auna da shi, amma ko ta yaya aka ƙirga, sauyin babba ne.

Ga yadda aka yi. Akwai kamfanin NAPAS, wanda ke haɗa bankunan ƙasar wuri guda, kamar yadda NIBSS yake a wajenmu. Shi ke tafiyar da tura kuɗi nan take, dare da rana. A 2021 ya fito da VietQR, wato lambar QR iri ɗaya wadda manhajar kowane banki ke iya karantawa, kuɗin kuma su faɗa asusun mai kaya kai-tsaye. A gefe guda bankuna sun daina cire kuɗin tiransifa. Techcombank ne ya fara tun 2016, manyan bankunan gwamnati irin su Vietcombank da BIDV suka bi sahu daga farkon 2022. Da aka haɗa biyun, mai sayar da taliyar safe a gefen titin Hanoi ba ta buƙatar na'urar POS ko kaɗan. Takarda take bugawa ta manna a jikin tebur, mai saye ya haska da wayarsa, shi ke nan, ba a cire wa kowa ko sisi. An ma haɗa wannan tsari da na Tailan da Kambodiya da Laos, yadda matafiyi zai biya da manhajar bankinsa na gida.

Na uku, bayan VietQR da tiransifa kyauta, wanda shi ne ya fi muhimmanci ga tambayarka, shi ne katin shaida. Daga 2021 aka fara raba katin ɗan ƙasa mai ɗauke da ƙwayar lantarki a ciki, wadda ke riƙe da hoton mai katin da sa hannun hukuma na lantarki. Ma'aikatar Tsaron Jama'a, wato 'yan sanda, ita ke riƙe da rumbun bayanan. A watan Janairun 2022 gwamnati ta ƙaddamar da abin da suke kira Shiri na 06 domin haɗa wannan rumbu da sauran ayyuka, har da bankuna, kuma akwai manhajar VNeID da ke zaman katin a cikin waya. Tun watan Maris na 2021 ma doka ta yarda mutum ya buɗe asusu daga ɗakinsa ba tare da ya taka banki ba.

Ka lura, a duk abin da na lissafa babu inda AI ta tura kuɗi. Tura kuɗi lissafi ne tsagwaro, a rage nan a ƙara can, kuma ba wanda yake so na'ura mai hasashe ta taɓa shi. AI tana zaune ne a gefen hanyar, tana amsa tambayoyi: wane ne wannan, wannan mu'amalar ta yi kama da ta gaskiya, wannan mutumin zai biya bashi?

Akwai kuma dalilin da ya sa za ka ji sunanta a bakin kowa a can, kuma dalilin na kasuwa ne. Kafin VietQR, kamfanonin asusun waya irin su MoMo da ZaloPay da Viettel Money da ShopeePay su ke cin kasuwar biyan ƙananan kuɗi. Da bankuna suka mayar da tiransifa kyauta, ribar ta ƙafe. Moca, wanda ke cikin manhajar kiran abin hawa ta Grab, ya rufe asusun wayarsa ranar 1 ga Yulin 2024. MoMo kuwa, wanda darajarsa ta haura dala biliyan 2 a ƙarshen 2021 bayan jarin da bankin Mizuho na Japan ya jagoranta, sai ya sauya wa kansa kirari a watan Oktoban 2024, ya ce shi yanzu mataimakin harkar kuɗi ne mai aiki da AI. Fassarar wannan a wajena ita ce: tunda biyan kuɗi ba ya kawo riba, bari mu yi amfani da abin da muka sani game da mai asusu mu sayar masa da bashi da inshora da hannun jari. Ba laifi ba ne, amma idan kana karanta takardun tallarsu ka riƙe wannan a ranka.

Dokar fuska

Abin da maigidanku ya ji a taro, kusan tabbas, labarin Hukunci mai lamba 2345 ne, wanda babban bankin ya fitar a watan Disambar 2023 ya fara aiki ranar 1 ga Yulin 2024. Ya ce duk wanda zai tura sama da miliyan 10 na dong, wato kuɗin ƙasar, a lokaci guda, kimanin dala 400 ke nan a lokacin, ko kuma jimillar abin da ya tura a yini ta haura dong miliyan 20, sai ya nuna fuskarsa. Haka ma wanda ya sa manhajar banki a sabuwar waya. Kafin nan mutum zai kara katinsa a bayan wayar, wayar ta karanta ƙwayar da ke ciki, banki ya ajiye hoton da hukuma ta tabbatar. Daga nan duk lokacin da ake buƙata sai a gwada fuskar da ke gaban kyamara da wancan hoton.

A nan AI tana aiki biyu. Na farko ta gwada fuska biyu ta ce mutum ɗaya ne ko a'a. Na biyu, wanda ya fi wuya, ta tabbatar cewa abin da ke gaban kyamarar mutum ne mai rai, ba hoto ba, ba bidiyon da ake haskawa daga wata wayar ba, ba abin rufe fuska ba. Kamfanonin cikin gida irin su FPT da VNPT da Viettel duk suna sayar da wannan, wasu bankunan kuma sun gina nasu.

Kwanakin farko an sha wuya. Masu wayar da ba ta iya karanta kati sun cika rassan bankuna, tsofaffi sun rasa yadda za su yi, kuma jaridun ƙasar sun ruwaito cewa a wasu manhajojin hoto mara motsi ma ya wuce, saboda cunkoso ya sa an sassauta binciken rai, wato wancan aiki na biyu, na ɗan lokaci. Amma aka daure. Daga 1 ga Janairun 2025 aka ƙara matsewa: asusun da ba a tantance fuskar mai shi ba, ba zai yi wata mu'amala ta intanet ba, komai ƙanƙantarta. A 2025 aka sanar cewa a cikin asusu kusan miliyan 200 da ke ƙasar, sama da miliyan 86 ba wanda ya zo ya tantance su, bankuna kuma suka fara rufe su daga watan Satumba. Da yawansu asusu ne da aka manta da su, amma a cikinsu akwai waɗanda aka buɗe da katin wani ko aka saya daga hannun ɗalibai da talakawa don karɓar kuɗin sata. Babban bankin ya ce a watannin farko bayan dokar ƙorafin damfara ya ragu da kusan rabi.

To wa ya yi wannan aikin? Na'urar gwada fuska ta daɗe a kasuwa, bankunan suna da ita tun 2021. Abin da ya sauya a 2024 shi ne an tilasta wa kowa a rana ɗaya, kuma akwai hoto na gaskiya da za a gwada da shi, wanda ɓarawo ba zai iya sauyawa ba. Da banki ɗaya ne ya yi don kansa, 'yan damfara sai su koma maƙwabcinsa, abokan cinikinsa ma su bi su saboda gajiya da nuna fuska.

Inda fuskar ba ta kai ba

A watan Mayun 2025 'yan sandan lardin Thai Binh suka kama wasu mutum 14 da ake zargi da halatta kuɗin caca da suka kai kimanin dong tiriliyan 1, wajen dala miliyan 39. Dabararsu mai sauƙi ce. Su biya mutum ya buɗe asusu da sunansa na gaskiya da fuskarsa ta gaskiya, su ɗauki bidiyonsa na 'yan daƙiƙoƙi, sannan su yi amfani da AI su ƙera fuskar da ke motsi wadda za su riƙa nuna wa manhajar banki ba tare da mai asusun yana wurin ba. Tun kafin nan, a watan Fabrairun 2024, kamfanin tsaron intanet na Group-IB ya fallasa wata muguwar manhaja mai suna GoldPickaxe da ke yawo a Tailan da Biyetnam, wadda ke shigar burtu a matsayin manhajar gwamnati, ta sa mutum ya ɗauki bidiyon fuskarsa da hoton katinsa da hannunsa. Wasu kuma ba su ma wahalar da kansu ba: da aka matse asusun ɗaiɗaikun mutane sai suka koma rajistar kamfanonin bogi suna buɗe asusun kamfani, abin da ya sa daga 1 ga Yulin 2025 aka ce wakilin kamfani ma sai ya nuna fuska.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Mafi yawan damfarar da ke cin mutane a can, kamar a nan, ba ta buƙatar satar fuskar kowa. Wani ne zai kira ya ce shi ɗan sanda ne, sunanka ya fito a binciken miyagun ƙwayoyi, ka tura kuɗinka wani asusu a tantance su. Ko a ja mutum cikin wani zauren zuba jari a Telegram ko Zalo, manhajar hira ta ƙasar, a bar shi ya ci riba sau biyu, a karo na uku a kwashe komai. Da yawa daga masu wannan aiki ma ba a cikin ƙasar suke ba, suna sansanonin damfara ne a Kambodiya da Myanmar. A duk waɗannan, mai asusun ne da kansa, da wayarsa, da fuskarsa, yake tura kuɗin. Tantance fuska tamkar maigadi ne da ya san fuskar maigida sarai: zai hana baƙo shiga, amma ba zai tare maigidan ba idan shi ya ɗauko kayansa zai kai wa macuci.

Shi ya sa ni abin da ya fi burge ni a Biyetnam ba fuskar ba ce. Wani tsari ne na babban bankin da ake kira SIMO, inda bankuna ke zuba bayanan asusun da ake zargi. A 2025 manyan bankuna, BIDV a kan gaba, suka fara amfani da shi wajen nuna wa mai tura kuɗi gargaɗi tun kafin ya danna, cewa asusun da zai tura wa akwai zargi a kansa. Dabarar ita ce an daina kallon mai turawa kaɗai, an koma kallon mai karɓa. Wanda aka ruɗa ba ya nuna wata alama, amma asusun da ke karɓar kuɗin sata yana da halayensa: sabo ne ko ya daɗe a kwance, sai kwatsam kuɗi su fara shigowa daga mutanen da ba su san juna ba, su fice cikin mintuna, a rarraba su gida biyar ko goma, ba a taɓa sayen katin waya ko biyan kuɗin wuta da shi ba. Wannan shi ne irin abin da na'ura mai koyo ta fi ɗan Adam iya gani, musamman idan an zana mata alaƙar asusu da asusu, da wayoyin da ake shiga da su. Sai dai banki ɗaya rabin hoton yake gani. Sai an haɗa bayanai ake ganin sauran.

Yadda abin yake a teburin aiki

Tunda rahoto za ka rubuta, bari in faɗa maka abin da masu talla ba sa faɗa. Kowace mu'amala idan ta taso, na'ura tana da ƙasa da daƙiƙa ɗaya ta ba ta maki, daga nan a bar ta ta wuce, ko a nemi ƙarin shaida, ko a riƙe ta. Wahalar ba kama ɓarawo ba ce, wahalar ita ce kada a kama mutanen kirki. Ɗauki misali, lissafi ne kawai na ƙirƙira don ka gane: mu'amala miliyan 1 a yini, 100 daga ciki na damfara. Na'urar da ke kuskure sau ɗaya tak a cikin ɗari za ta tare mutum dubu 10 da ba su ji ba ba su gani ba, don ta kama waɗancan 100. Wa zai amsa kiran mutum dubu 10? A wajen aikinmu mun fi ɓata lokaci a kan wannan ma'auni fiye da kan ita na'urar. Duk wanda ya ce maka kayansa suna da daidaito kashi 99 cikin 100, tambaye shi mutum nawa na kirki suke tarewa kafin su kama ɓarawo ɗaya.

Abu na biyu, na'ura daga tarihi take koyo, kuma tarihin sai an rubuta shi. Idan ma'aikatanku ba sa rubuta wace mu'amala ce ta tabbata damfara, da wane iri, da ranar da aka gano, to babu abin da za a koya mata. Mutane da yawa kuma kunya ke hana su kai ƙara, don haka abin da ke rubuce kullum bai kai abin da ya faru ba.

Na uku, ɗabi'ar kashe kuɗi ta kowace ƙasa daban ce. A Biyetnam, gab da bikin sabuwar shekararsu ta Tet, wanda ke faɗowa a Janairu ko Fabrairu, ana biyan ma'aikata garaɓasa, mutane su bar Ho Chi Minh da Hanoi su koma ƙauyukansu, a yi ta tura wa 'yan'uwa da yara ƙananan kuɗin barka da shekara. Na'urar da ba ta san Tet ba za ta ga sabon wuri, sababbin masu karɓa, kuɗi masu yawa, ta ce sata ce. Wadda aka koyar a can kuwa ba ta san azumi ba, ba ta san cinikin raguna kafin babbar Sallah ba, ba ta san dalilin da zai sa asusun mai POS ya karɓi kuɗi daga baƙi ɗari a yini ya fitar da su nan take ba. A idonta, kowane mai POS ɗinku asusun 'yan damfara ne. Har a suna akwai bambanci: kusan mutum huɗu cikin goma a can sunan danginsu Nguyen, kuma sukan rubuta bayanin tiransifa ba tare da alamomin sautin harshensu ba, shi ya sa masana na gida, irin na VinAI da suka fitar da PhoBERT a 2020, suka gina nasu na'urorin fahimtar harshe. Mu tamu matsalar ita ce mutum ɗaya ya zama Muhammad a BVN, Mohammed a NIN, Mamman a wajen aiki.

Bashi, haraji da bayanan mutane

Ɗaya wurin da AI ta shiga sosai shi ne auna wanda za a ba bashi. Kamfanin Trusting Social ya yi suna wajen amfani da bayanan layin waya don auna mutanen da ba su taɓa cin bashin banki ba. MoMo yana da tsarin saya yanzu biya daga baya tare da TPBank, bankin waya na Cake ma yana ba da ƙananan basussuka cikin mintuna. Dokar gwaji mai lamba 94 ta 2025 ta ba irin wannan aiki filin gwaji a ƙarƙashin idon babban banki. Masu amsa tambaya na na'ura a cikin manhajoji kuwa suna nan birjik, suna rage wa ma'aikata kira, ba zan ɓata maka lokaci a kansu ba.

Tara bayanai a wuri ɗaya yana da nasa farashin. A watan Satumbar 2025 hukumomi suka tabbatar an kutsa cikin cibiyar bayanan bashi ta ƙasa, CIC, wadda ke ƙarƙashin babban bankin. Lambar sirri idan ta fita ana sauya ta, fuska kuwa ba a sauyawa. Ƙasar tana da dokar kare bayanai tun 2023, majalisa ta zartar da mai ƙarfi a watan Yunin 2025 wadda ta fara aiki farkon 2026, amma ka tuna a can hukumar da ke riƙe da bayanan fuska ita ce ta 'yan sanda, a ƙasa mai jam'iyya ɗaya. Saurin da suka yi yana da nasaba da wannan, kuma ba kowace al'umma za ta yarda da cinikin ba. Mutane ma sun nuna sun gane cewa abin da ke kama ɓarawo yana iya ƙirga ciniki: a tsakiyar 2025, da aka sauya tsarin harajin ƙananan 'yan kasuwa, an ga shaguna a manyan birane sun liƙa sanarwar cewa tsabar kuɗi kawai suke karɓa.

Wani abu kuma da nake yawan tuna wa abokan aiki: damfara mafi girma a tarihin ƙasar ba ta waya aka yi ta ba. A watan Afrilun 2024 kotu a Ho Chi Minh ta sami Truong My Lan da laifin wawure dong tiriliyan 304, sama da dala biliyan 12, daga bankin SCB ta hanyar basussukan bogi da haɗin bakin na ciki. Babu kyamarar da za ta hana wannan.

To ku sayo ko kada ku sayo?

Ban ce kada ku saya ba. Injiniyoyin Biyetnam ƙwararru ne, kayansu sun ɗauki nauyin mutane miliyoyi. Amma akwai abu huɗu da zan so su shiga rahotonka, na farkon kuma shi ne babba.

A watan Disambar 2019 hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta gwada na'urorin gane fuska 189 daga kamfanoni 99. Ta gano cewa da yawansu sun fi ruɗewa, su ɗauki mutum biyu a matsayin ɗaya, a kan fuskokin 'yan Afirka ta Yamma da ta Gabas da 'yan Gabashin Asiya. Amma wasu da aka ƙera a ƙasar Sin ba su da wannan matsala a kan fuskokin yankinsu. Wato na'ura ta fi sanin irin fuskar da aka koyar da ita. Wadda ta ƙware a kan mutanen Hanoi ba a san abin da za ta yi da baƙar fata a rumfar kasuwa mai duhu ba, da ƙaramar waya mai kyamara mara ƙarfi, da mace mai hijabi, da dattijo mai rawani, sai an gwada. Don haka kada a sa hannu sai sun yarda da gwaji a kan fuskokin mutanenku, da izininsu, da irin wayoyin da suke riƙewa, kuma a ware sakamakon maza da na mata. Ku nemi takardar gwajin binciken rai bisa ma'aunin ISO 30107-3 daga wani ɗakin gwaji mai zaman kansa, sannan ku tambaye su a fili me suke yi game da bidiyon da ake cusawa cikin manhaja ta bayan kyamara, domin wancan ma'aunin ya fi duba abin da aka nuna wa kyamara ne.

Sannan da wane hoto za a gwada? Ƙarfin tsarinsu daga ƙwayar katin yake. Yawancin mutanenmu takardar NIN ce a hannunsu, ba kati mai ƙwaya ba. Ku sai dai ku jawo hoton BVN ko na NIN ta hanyar da aka ba da lasisi, wasu hotunan an ɗauke su tun 2014 ko 2015, kuma duk jawowa da kuɗinta. Wani ɓangare na abin da za ku biya a manhajar tasu, wato karanta kati, ba zai yi muku amfani ba. Na uku, a ina fuskokin za su zauna? Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan jiki, irin su fuska, cikin masu tsauri, kuma ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da su waje. Ni ba lauya ba ne, wannan sashen ku kai wa wanda ya san dokar da ƙa'idojin CBN kafin a yi maganar farashi.

Na huɗu, ku zauna ku duba asarar da kuka yi a shekarar da ta wuce, ku rarraba ta. Idan yawancinta daga masu buɗe asusu da takardun wasu ne, ko masu ƙwace asusun wakilanku, tantance fuska za ta taimaka. Idan kuwa alat na bogi ne ake nuna wa masu shago, maganinsa ba ya buƙatar AI: a Biyetnam ma sun sha fama da hoton tiransifa na jabu, abin da ya yi musu magani shi ne 'yar ƙaramar lasifika da ke faɗar adadin kuɗin da zarar sun shiga. Idan kuma kuɗin sata ne ke bi ta asusun wakilanku ana cire su tsaba, to ku fara da ƙa'idoji na hannu a kan asusun mai karɓa, ku riƙa rubuta kowace damfara da ta tabbata, ku shiga duk wata hanyar musayar bayanan asusun zargi da NIBSS da bankunan da kuke hulɗa da su suka tanada. Bayan wata shida ko shekara za ku tara abin da za a koyar da na'ura da shi, kuma a lokacin ne za ku iya auna ko ta fi ƙa'idojin naku.

Alƙaluman nasara da na kawo na babban bankin Biyetnam ne da kansa, na kamfanoni kuma nasu ne, don haka a rahoton ka rubuta "a cewarsu" a gaban kowanne. Dokokin nasu ma kusan duk wata shida sai an yi musu kwaskwarima, ka sa kamfanin da kuke magana da shi ya turo muku na baya-bayan nan a rubuce, tare da sunan banki ko biyu da ke amfani da kayansu waɗanda za ku iya kira ku tambaya.